Mukullin da Na Damƙa wa Inna

Akwai wata Asabar ta tsakiyar damina da ba na jin za ta taɓa fita daga raina. Shekaru sun wuce, amma har yau ina tuna ta kamar jiya.

Ban daɗe da fara aiki a Kazaure ba bayan gama jami'a, na sayi wata jif ta hannu mai kujeru bakwai. Ba don ƙawa na saye ta ba. Ni mutum ne mai tsoron abin da zai je ya zo, sai da na gajiyar da makanikai da tambaya kafin na yarda. Tsayinta ne ya ja ni. Matata tana da cikin fari, ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a wani ƙauye bayan Gwiwa, hanyar kuwa in ruwa ya sauka ƙaramar mota ba ta shiga. A wajen awo likita ya ce jininta yana hawa, kada a kuskura a bar ta ta yi naƙuda a gida. Don haka kullum tankin a cike yake. Na kwantar da kujerun baya, na shimfiɗa ƴar katifa, jakar kayan haihuwa tana gefe.

Ranar da na kawo motar gida na kai wa Inna, mahaifiyata, ta sa albarka, na kuma damƙa mata mukulli na biyu don girmamawa. Maganar likita kuwa ban gaya mata ba. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa saboda kunya. Ta yaya zan zauna gabanta in yi zancen cikin matata?

Ana cikin haka Kawu, yayan Inna, ya zo yana son motar don kai ƴarsa amarya Kanya Babba. Na durƙusa na ce, "Kawu, a yi haƙuri, akwai lalurar da ta sa motar ba za ta yi nisa ba kwanakin nan. In an amince, zan samo muku bas a tasha."

Ya ce, "Bas? Ƴata a bas, ga motar ɗana a ƙofar gida? To, na ji."

Na ɗauka magana ta ƙare. Ranar Asabar da hantsi na taka zuwa ta'aziyya a bayan layinmu. Da na dawo, sawun taya kawai na tarar. Katifar da jakar suna jingine a zaure, bakin jakar a buɗe, ƴar rigar jariri ta leƙo. Wato ya ga abin da ke ciki da idonsa, ya fitar da shi don a sami wurin kwanuka da ƙawayen amarya. Wannan ne abin da har yau na kasa haɗiyewa.

Inna ta ce, "Kawunka ne ya zo da direba. Yayana ne, in ce masa me? Ya ce kafin la'asar sun dawo."

Ban kai ga ba ta amsa ba wayata ta yi ƙara. Yayar matata ce. "Kana ina? Ta fara, kuma tana cewa duhu take gani."

Na kira Kawu. Ina jin guɗa da shewa a cikin motata. Na ce, "Kawu, don Allah a juyo, rai ne. Likita ya ce..."

"Kai ɗan boko, yau aka fara haihuwa? Uwarka a ɗaki ta haife ka. Bari mu sauke amarya tukuna." Ya kashe. Na sake kira, ba a ɗauka ba.

A kan acaɓa na tafi, cikin ruwan sama. A Gwiwa duk mai ƙaramar motar da na roƙa sai ya girgiza kai in ya ji sunan ƙauyen. Da ƙyar wani mai a-kori-kura da ya sauke taki ya yarda. A kan buhunan takin muka kwantar da ita, yayarta tana riƙe da tabarma a kanta don kare ruwa. Motar ta kafe a kwari, na sauka ina turawa, laka har gwiwata, ina kallon daidai wurin da na sha bi da jif ɗin ba tare da ko tsayawa ba. Kafin mu shiga Kazaure ta fara jijjiga, idanunta suka juye.

Nas ɗin da ta karɓe mu ta dube ni ta ce, "Malam, ina kuka tsaya?"

Tiyata aka yi wa matata. Allah Ya raya ta, Ya raya yarinyar, amma uwar ta yi kwanaki ba ta gane ko ni. Ba zan rantse cewa da motar tana nan jijjigar ba za ta zo ba, ni ba likita ba ne. Abin da na sani shi ne da ba ta zo mata a kan buhun taki ba.

Sai washegari da azahar Kawu ya iso asibiti da motar, ƙyallen ado yana lilo a madubinta, kujera ɗaya ta karye. Ya ce, "Ka gani? Ga shi ta sauka. Duk ka bi ka ɗaga wa mutane hankali. Af, na'urar sanyin nan taka ba ta aiki sosai, amarya ta sha zafi."

Ban san abin da zai fito daga bakina ba, da Inna ba ta riga ni ba. Ta kwana a barandar asibitin, ta kuma ji komai daga bakin nas.

"Yaya, ka ga jakar nan, ka fitar da ita," in ji ta. "Ni ban sani ba. Kai ka gani."

Ta karɓe mukullin daga hannunsa, ta juyo ta kira sunana, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta sa mini shi a tafin hannu ta ce, "Da ka gaya mini, ko sarki ne ya zo ba zai fita da ita ba."

Ina gaishe da Kawu har yau, ina durƙusa masa, amma bai sake shiga motata ba, kuma ba na jin zai sake. Abin da ranar ta koya mini shi ne kunya tana da kyau, girmama manya wajibi ne, amma in rai ya shiga magana, a buɗe baki a faɗe ta ɓaro-ɓaro ga wanda ke riƙe da mukulli. Ƴata yanzu tana zama a kujerar can baya, wadda aka gyara, tana cewa wurinta ne. Ba ta san gaskiyar da ta faɗa ba.