'Yardada Ba Ta Ɗanɗana Zoɓonta

Sunanta na yanka Aminatu, amma ko a katin asibiti 'Yardada ake rubuta mata. Kakarta ce ta ɗauke ta tun daga yaye, ita kuwa kakar duk unguwar Shahuci Dada ake ce mata, sai sunan ya bi yarinyar har tsufa. Yayar mahaifina ce, don haka mu Gwaggo muke ce mata. Aure ya kawo ta Dukawuya, a gidan ta haifi 'ya'ya shida, a gidan ta yi takaba, a gidan kuma take har yau tare da autanta Muttaka da matarsa Maimuna. Da manyan danginmu suka ƙare ta zama ita ce babba, sai ya zama ranar Sallah daga masallacin Idi kowa gidanta yake nufa.

Ba ta yi boko ba, ba ta kuma taɓa kafa wata sana'a ba. Abin da aka san ta da shi kayan Sallah ne, waɗanda ta koya a hannun Dada. Nakiya take fara dakawa tun azumi na ashirin, tunda ita ba ta lalacewa. Saura kwana uku ta kama alkaki. Ta murza ɓarzajjiyar alkama da mai, ta kwaɓa da nono mai tsami, ta rufe ya tashi, sannan ta zauna ta nannaɗa ɗaya bayan ɗaya, ta soya, ta tsoma a ruwan suga da tsamiya. Dubulan ba ta cika damuwa da shi ba, ta ce aikin 'yan mata ne masu son ado. Zoɓo kuwa sai ranar jajiberi, kuma a kansa ne sunanta ya fita.

Duk wannan aikin da azumi a bakinta take yin sa. Ƙaramar Sallah a ƙarshen Ramadan take, jajiberin Babbar Sallah kuma ranar Arfa ce, wadda Gwaggo ba ta taɓa bari ta wuce ta ba. Shi ya sa shekara arba'in da wani abu ba ta taɓa ɗanɗana abin da take haɗawa ba. An sha gaya mata cewa malamai sun yi wa mai girki sassauci ta taɓa da harshe ta tofar. Ta ce ta ji, Allah ya saka wa malamai, amma wannan sassaucin na waɗanda ba su iya ba ne.

Ruwan suga da yatsa take auna shi. Ta dangwalo, ta haɗa yatsu biyu, ta buɗe a hankali, in zare ya miƙe bai tsinke ba ta sauke. Mai kuma da kunne take sanin ya yi zafi. Zoɓo na hanci ne. Ba ta da ma'aunin citta ko na kanumfari. Za ta watsa su a tukunya tare da ɓawon abarba, ta jira ya tafasa, ta sunkuya cikin tururin ta rufe ido ta shaƙa. In bai kai mata inda take so ba ta ƙara. Tana tacewa a randa ta sa suga, sai ta kifa faifai ta ɗaure da tsumma, kuma ko an sha ruwa ba mai buɗewa sai an sauko daga Idi an kawo ƙanƙara.

Ranar Sallah a ƙofar ɗakinta take zama, kan kujera 'yar tsugunno, randar a gefenta. Ita kanta ba ta sha, rabawa kawai take yi. Kowa ya zo ya durƙusa ya yi barka da Sallah, ta ɗebo a kofi ta miƙa masa, ya kurɓa a gabanta ya ce, "Gwaggo, ya yi." Ita kuma ta ce, "Na sani." Ba fahariya ba ce kawai, da gaske yana yi. Na sha zoɓo a bukukuwa iri-iri, har wanda ake zuba wa turaren kwalba ya riƙa ƙamshin alewa, ban sha irin nata ba.

Mutum ɗaya ce tsarin gidan bai taɓa shiga kanta ba, ita ce Maimuna. 'Yar unguwar Zaitawa ce, ɗiyar Malam Bukar, kakanninsu Barebari ne da suka daɗe a birni. Ita ko ruwan shayi ta dafa sai ta ɗanɗana. Gwaggo takan ce Maimuna tana ƙoshi tun kafin a sauke tukunya. Ga shi abin da ta gani shi take faɗa, ko a gaban wa. Ba sa faɗa, amma ba za a ce jininsu ya haɗu ba.

Shekara huɗu da suka wuce Gwaggo ta kwanta zazzaɓi da mura, mako biyu cur. Ta tashi, ta koma harkokinta, amma hancin bai dawo ba. Ba ta gaya wa kowa ba. Maimuna ce ta fara lura, ranar da shinkafa ta kama a kan wuta, ƙauri ya cika gidan har soro, Gwaggo na zaune dab da murhun tana tsince wake. Ta gaya wa Muttaka, ya ce ta rufa masa asiri ta bar maganar.

Da jajiberin Ƙaramar Sallah ya zo Gwaggo ta sunkuya a kan tukunya kamar kullum. Ba ta ji komai ba, ta ƙara citta. Ta sake sunkuyawa, ta ƙara kanumfari, ta kawo masoro ma ta zuba. Haka ta yi ta yi har sai da tururin ya ɗan yi mata yaji a ido, sannan ta sauke.

Yaya Abdulbaƙi, babban ɗanta, shi ya fara karɓar kofi washegari. Ina bayansa a durƙushe, na ga wuyansa ya motsa sau biyu kafin ya haɗiye. Ya yi gyaran murya ya ce, "Gwaggo, ya yi." To, bayan babban ɗa ya faɗi haka wa zai faɗi wani abu daban? Da aka zo kaina na kurɓa, maƙogwarona ya kama da wuta, hawaye ya cika mini ido. Tana kallona, kuma kallon ya fi na kullum daɗewa. Na ce ya yi. Ta ce ta sani.

Ba wanda ya kira taro, amma kafin azahar kowa ya gano hanya. Ka kurɓa, ka yaba, ka miƙe da kofinka kamar za ka gaisa da wani, ka zagaya bayan madafi inda kwata take, ka tuttular, ka bi da ruwan buta. Muttaka ya aika aka sayo lemon kwalba aka ɓoye a ɗakinsa saboda yara. Alkakin kuwa lafiyarsa ƙalau, tunda yatsa da kunne ba abin da ya same su, sai muka huce a kansa.

A bayan madafin Maimuna ta same ni. Ta ce, "Yaya Bahijja, wannan ba daidai ba ne. Bari in gaya mata."

Na ce, "Ki gaya mata me? Matar da ta goyi ubana? In kika kuskura, ni da ke ne."

Ta ce, "Shi ke nan. Amma ni ba zan zubar ba, ba kuma zan ce ya yi ba."

Haka ta yi. Ta durƙusa ta karɓi kofinta, ta shanye tas tana tari, ta ajiye ta tashi ba ta ce uffan ba. Gwaggo ta bi ta da harara, ta ce mini, "Kin ga matar Muttaka ko? A ba ta abu ta shanye, godiya ta gagare ta." Na ce ai sai haƙuri.

Mu a ganinmu tarbiyya muke nunawa. Har da masu komawa karɓar kofi na biyu don a faranta mata. Gwaggo ta ga randa ta ƙare tun kafin la'asar, abin da bai taɓa faruwa ba, ta yi ta murna. Da Babbar Sallah ta zagayo ta sa aka sayo mata randa ta biyu. Wannan karon ma ya fi na baya yaji, amma mun fi samun sauƙin aiki, domin a tsakar gida aka yanka ragon Muttaka, kwatar ta wuni ja. Ko buta ba wanda ya nema.

Wannan sakacin ne ya bi mu har Ƙaramar Sallar da ta biyo baya. An yi kwanaki famfo bai kawo ruwa ba, 'yan jarkokin da ke gidan ana lallaɓa su saboda alwala da girki. Kowa ya zubar ya wuce, yana zaton na bayansa zai kora. Da hantsi Dije, ƙawar Gwaggo, ta zo barka da Sallah, Gwaggo ta taka mata har ƙofar gida, ni ina biye da su riƙe da ƙunshin alkakin Dije. Daga gindin katangar gidan ruwa yake fitowa ja wur, ya bi kwatar lungu ya gangara.

Gwaggo ta ce, "Wa ya yi yanka a gidan nan?"

Dije ta ce, "Yanka kuma, a Ƙaramar Sallah?"

Akwai 'yan gutsattsarin ƙanƙara a ciki da ba su gama narkewa ba. Gwaggo ta dafa katanga ta sunkuya, ta dangwalo daga inda ruwan ke fitowa, ta haɗa yatsu biyu ta buɗe a hankali. Suka yi danƙo. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta sallami Dije, ta ce ta gaida gida.

Ta koma ciki ta wanke hannu, ta zauna a kujerarta, ta kifa faifai a kan randunan biyu ta ɗaure. Tsakar gidan cike yake da mutane. Abu ɗaya ta tambaya.

"Tun yaushe?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Maimuna, da cikinta ya tsufa a lokacin, tana jingine da bango ta ce, "Sallah uku ke nan, Gwaggo."

Yaya Abdulbaƙi ya matso ya fara, "Wallahi don kada ranki ya ɓaci ne muka..."

Ta ce, "Ku ci alkaki." Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Ba ta yi fushi da kowa ba, aƙalla ba irin fushin da ake gani ba. Duk wanda ya je gaishe ta a watannin nan biyu ta amsa, ta tambayi yara, ta sa albarka. Mun ɗauka zoɓo ya ƙare ke nan a gidan, har Muttaka ya fara cigiyar masu yi na sayarwa.

Ranar Arfa na je taya aiki, na tarar tukunya na tafasa. Maimuna kwananta goma da haihuwa, ba ta azumi. Gwaggo ta sunkuya cikin tururin ta shaƙa, don jiki ya saba, sannan ta ɗago ta ƙwala mata kira. Ta ɗebo a ludayi, ta fifita, ta miƙa mata ba tare da ta dube ta ba.

"Ɗanɗana."

Tun da nake ban taɓa ganin bakin wani ya taɓa zoɓon Gwaggo kafin Idi ba. Maimuna ta kurɓa ta ce, "Citta ta yi yawa. Kanumfarin ma."

Gwaggo ta tsamo abin da zai tsamu, ta ƙara ruwa da zoɓo. Ta sake miƙawa. Maimuna ta ce da saura. Sai a karo na uku ta ce, "Yanzu ya yi."

"Kin tabbata?"

"In bai yi ba zan faɗa, Gwaggo."

Ta ce, "Na sani."

Washegari ta sa aka yanka ragon a ƙofar gida, ta ce ba ta son jini a tsakar gidanta. Kujerar ma ta tashi daga ƙofar ɗaki, ta koma gefen madafi tare da randa, inda duk mai zagayawa baya sai ya wuce ta gabanta. Na durƙusa na karɓi kofina. Zoɓon nan ne na da, wanda na tashi da shi, na shanye har da ɗaga kai. Na ce, "Gwaggo, ya yi," kuma wannan karon har cikin raina na faɗa.

Wannan karon ba ta ce ta sani ba. Ta karɓi kofin ta leƙa cikinsa, ta waiwaya ta dubi kwata, ta ce na gaba ya matso. Na ji kunya ranar, kuma har yanzu ba ta sake ni ba.

Sallah biyar ke nan ana haka. Maimuna ce ke ɗanɗanawa, in tana azumi a jira ta har a sha ruwa kafin a ɗaure randa. Zoɓon bai ƙara kuskurewa ba, kwatar ma ba ta ƙara yin ja ba. Mu dai har yau muna cewa ya yi, Gwaggo kuma tana leƙa kofunanmu.