Kiran Washegari

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran likitar haƙoran da nake aiki a ƙarƙashinta, wadda duk asibiti ke kira Anti Likita. Da safe ta cire haƙori, da rana ta ce kanta na sarawa, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Har yau ban yi kuka ba. Ina wanke kayan aiki, ina jera auduga, kamar wata ce ke yi ba ni ba.

Anti, kowa ya san halinki. Duk wanda kika cire wa haƙori sai ya zauna a bencin bakin ƙofa, ya cije auduga har ki ga tsayawar jinin da idonki. Washegari kuma ki kira shi a waya. Nakan yi miki tsiya cewa kin fi uwar mutum damuwa da shi, ki ce, "Ƙanwata, ba amsarsa nake so ba, muryarsa nake saurare."

Maigidana shaida ne. Kin cire masa haƙorin ciki, da kika kira ya ce miki lafiya lau. Amma kika ji maganar a daƙile, kamar mai loma a baki. Kika tambaye shi ko yana iya haɗiye yawu, ya ce sai da ƙyar. Kika ce in kawo shi maza, kada in bari ya kwanta. Ashe kumburi ne a ƙarƙashin harshe yake neman toshe masa numfashi. Ba don Allah Ya sa kin kira ba, da tuni na yi takaba.

Ranar Laraba, muna zaman makoki, na tuna da dattijon da kika cire wa haƙori safiyar rasuwarki. Yana shan maganin tsinka jini, kuma babu wanda ya kira shi. Na koma gefe na kira, na saurara yadda kika koya mini. Jini ya tsaya, murya garau. Sai ya ce, "'Yata, ba ni Likita in yi mata godiya." Na riƙe waya a kunne, tawa muryar ta ƙi fita. Can sai na ji ya yi salati.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba mahaifiyarki da maigidanki da yaranki haƙurin wannan rashi. Dattijon nan lafiyarsa ƙalau, Anti. Na kira shi.