Kwamfutar Tafiyar Da Ba Ka Yi Ba

Ranar Laraba, tara ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi abinSa. Ina cikin shagona ina kwance wata tsohuwar kwamfuta, sai na ji famfon keke ya faɗi ta bayan bango, ban kuma ji an ɗauke shi ba. Da na leƙa, na tarar da kai zaune ka jingina da ƙofa, tayar keken wani a cinyarka. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu tattara mu koma, amma wallahi, maƙwabcina, har yau ƙafata ba ta son bi ta gaban shagonka.

Bango ɗaya ne tsakaninmu shekara da shekaru, kai kana gyaran keke, ni ina gyaran kwamfuta da waya. Lokacin da na karye a ƙafa, kai kake zuwa ka ɗauko ni a bayan kekenka, ka buɗe mini shago, ka jera mini kayan aiki inda hannuna zai kai, sannan ka koma naka. Mai kai saƙo ya zo da taya a fashe, ka ture shayinka ka yi masa faci, shayin ya huce ka sha shi haka. Ban taɓa jin ka yi wa wani gori ba.

Duk layin shagunanmu Matafiyi muke ce maka, don tsokana, ka amsa kana murmushi. Kowa ya san keken da ke rataye a saman shagonka ba na sayarwa ba ne. Burinka ka hau shi ka miƙe hanya wata da watanni, ka kwana inda rana ta faɗi maka, har ka ga teku da idonka. Kowa kuma ya san abin da ya riƙe ka. Inna, mahaifiyarka, tun da ɓarin jikinta ya shanye, hankalinta ya yi rauni, ba ta buɗe baki ga cokalin kowa sai naka. Mai ɗakinka ita ke mata wanka, ta juya ta, ta canza mata shimfiɗa, amma in abinci ne, sai kai. Safe, rana, yamma. Iyakar tafiyarka ke nan, shago zuwa gida, gida zuwa shago.

Duk da haka ba ka daina shiri ba. Komai sai ka rataya shi a sikeli, domin a cewarka abin da hannu ya raina ƙafa ce ke biyansa a hawan tudu. Har ƙotar buroshin haƙori ka yanke! Abu ɗaya ya rage maka, wai, ƙaramar kwamfutar da za ka riƙa duba taswira kana rubuta abin da ka gani. Na ce waya ta ishe ka. Ka nuna mini yatsunka masu kauri da baƙin mai, ka ce waɗannan in sun danna harafi ɗaya uku ke fita.

Daga nan ka zame mini ƙarfen ƙafa. Duk ƙaramar kwamfutar da ta shigo hannuna sai ka are ta. Ka auna ta, ka naɗe ta da riga, ka cusa a jakar keke, ka bi ta hanyar nan mai ramuka ta bayan kasuwa ka dawo, don ka ga ko tana jure jijjiga. Ka fita da ita tsakiyar rana ka ga ko ana ganin rubutu. Wannan batirinta ba ya daɗewa. Wancan fankarta na zuƙar ƙura. Wata ba ta karɓar caji daga dinamo, ɗan injin nan da tayar keke ke juyawa ya ba da wuta. Wata kuwa ka ce cajarta ta fi ta nauyi, kuma gaskiyarka ne. Rannan na hasala na ce, haba Matafiyi, ko amarya ake zaɓar maka ai da an gama! Ka yi dariya har da hawaye.

Sai da na samo wadda ba ta da abin kushewa, siririya, ba fanka, batiri kamar ba zai ƙare ba, sannan ka faɗa mini ainihin aikin da kake so ta yi. So kake duk inda kake, in lokacin abinci ya yi, ka tsaya gefen hanya ka kira gida, Inna ta ga fuskarka ta ji muryarka, mai ɗakinka ta ba ta a baki. In ta ci, za ka tafi. In ta ƙi, shi ke nan.

A shagona muka gwada, lokacin abincin rana. Ka wanke hannu da fuska, ka zauna kan kujerata, ka kira. Mai ɗakinka ta kafa waya a gaban Inna, cokali a hannunta.

"Inna, ga ni nan," ka ce. "Buɗe baki, ki ci mini kaɗan."

Ta dubi wayar. Sai ta juya kai wajen ƙofar ɗaki, tana kiranka da muryar nan tata da ba ta fita sosai. Ka sake lallashi, har ka yi mata 'yar tsokanar da kake mata kullum. Bakinta na rufe, idonta na ƙofa. Ka rufe kwamfutar a hankali, ka miƙo mini, ka ce, "Ita ma ta yi nauyi." Na san ƙarya kake, ka san na sani. Ka hau keken aiki ka tafi ba ta abinci. Ba ka ƙara aron wata ba.

Bayan rasuwarka babban tsoronmu Inna ne. Ta ƙi ci, ta ƙi sha, sai kallon ƙofa. Muka ce ita ma binka za ta yi. Shekaranjiya na je gaisuwa, mai ɗakinka ta tare ni a bakin ƙofa da kwano a hannu, fayau, ba ko saura. Ta ce Inna ta gaji da jira, yunwa ta kama ta, ta buɗe baki da kanta, kuma tun daga nan ci take yi. Na buɗe baki zan ce alhamdulillahi, sai baiwar Allah ta fashe da kuka.

"Ashe da ya daure ya tafi, da ta ci," in ji ta.

Na ji haushi, haushi mai zafi, na rasa wanda zan ji wa. Kai da ba ka iya barin uwarka ta kwana da yunwa ko sau ɗaya, yaya za a yi ka gano haka?

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, wadda nauyin ya koma wuyanta gaba ɗaya, Allah Ya ba ta haƙuri da ƙarfin ɗauka. Inna kuwa ba mu san yadda za mu yi mata gaisuwa ba, Allah Ya sanyaya mata ta inda Ya sani. Kai kuma, maƙwabcina, Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka, Ya sa kowane cokali da ka ɗaga ya tsaya maka ranar hisabi. Allah Ya yalwata maka kabarinka iyakar ganin ido, don ƙunci kam ka sha shi a nan, ba ka kuma taɓa yin ƙorafi ba. Amin.