Gwaggo Tafireta da Fayil ɗin Kwano

Tun asuba Gwaggo Tafireta ta hura dutsen guga, ba don kaya ba, don takardu. A ƙarƙashin katifarta suka kwana, duk sun yamutse.

Shekara talatin tana buga takardu a ofishin mai gabatar da ƙara. Tana sabuwar ma'aikaciya wani oga ya taɓa yi mata tsawa kan wasiƙar da ta ɓace, tun daga nan ba ta buga komai ƙasa da kwafi tara. Ko takardar neman hutu ce.

Sai ga shari'ar surukin wani babba a gwamnati, wanda ya kwashe kwanon rufin makaranta ya rufa wa kajinsa ɗaki. Aka bugo waya daga sama a janye ƙarar. Lauya, mai gabatar da ƙarar, ya ce ba zai janye ba, amma gwiwarsa na kaɗawa har tebur na amsawa.

Ran Litinin fayil ɗin ƙarar ya ɓace. Talata ga shi a tebur. Aka sake ɗauke shi, Laraba ya dawo, har da ɗumin guga. Mutanen babban suka ce ofishin da aljanu, suka kawo mai turare ya yi ta hayaƙi har Lauya ya koma aiki a baranda.

"Gwaggo, don Allah, saura kwafi nawa?" Lauya ya tambaye ta a hankali.

"Kai dai je ka yi surutunka a kotu, ɗan nan. Kuma ka daina rawar ƙafa, kana zubar min da shayi."

Direban babban ya zo da atamfa turmi biyu, ya durƙusa. "Inna, yallaɓai yana gaisuwa. Wai a duba lamarin."

"Na duba, sau tara ma. Ka ce ya gaida kajin."

Ran Alhamis Lauya ya shiga kotu da kwafi na uku, alƙali ya ce a mayar wa makaranta kwanonta. Ita kuwa Gwaggo, kafin la'asar takardar canjin aiki ta iso: an tura ta gadin ɗakin ajiyar karyayyun kujeru.

Can aka gan ta a ƙarshe. Ta jera kujerun, tana zama a kan kowace ɗaya bayan ɗaya, tana neman wadda za ta iya ɗaukarta har ta yi ritaya. Ta huɗu ta karye da ita. Ta tashi, ta kakkaɓe zani, ta matsa zuwa ta biyar.