Yashin Gonarmu a Ɗakin Bincike

Lokacin da nake karatu, na ɗebi yashi a magudanar ruwan gonarmu ta Bunkure, na kai ɗakin bincike. Injin can yana ƙona ɗan ɗigo a jikin ƙwayar yashi da hasken leza, ya auna ƙarafan ciki komai ƙanƙantarsu. Amma sai an fara gwada shi a kan gilashin da aka san abin da ya ƙunsa. Kwana uku na yi ina wannan saiti.

Baba ya kira ni. "Me kika gano?"

"Ban taɓa yashin ba tukuna, Baba. Injin nake daidaitawa."

Ya yi dariya. "Bi a hankali. Shinkafar ma ba ta nuna ba."

Na koma aikina hankali kwance.