Murucin da Na Tone

Ban ga gawar mahaifina ba. Ina akawu a Kaduna, a shekarun da ake ta maganar mulkin kai, sai waya ta iske ni a ofis. Kafin in nemi izini in sami motar ƙauyenmu a ƙasar Katsina, har an yi sadakar uku. Tudun ƙasa kawai aka nuna mini. Da Inna ta fita takaba, sai na ɗauko ta ta dawo wurina a gidajen ma'aikata na Doka, ciki da falo da ɗan tsakar gida ta baya.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana, ba ta kuma yi mini magana sai dole. In tana son wani abu, sai ta dubi matata ta ce, "Ki gaya ma mutumin nan," ko da ina zaune kusa da ita.

A cikin ƙullin kayanta akwai ƙodagon giginya guda uku. Daga giginyar gonar Baba ta tsinto su, wadda yake jingine fartanya a gindinta in ya tashi sallar azahar. Washegarin zuwanta ta haƙa rami kusa da danga, ta binne su, ta kewaye da duwatsu. Ta ce wa matata sadaka ce take yi wa marigayi, duk wanda ya ci ko ya sha inuwa, mutum ko tsuntsu, ladan ya kai masa.

A lokacin ina ji da kaina. Ga keke, ga alƙalami biyu a aljihu, ga Turanci a baki, ina ganin babu abin da tsohuwar ƙauye za ta koya mini. Na yi dariya na ce, "Inna, gidan gwamnati ne fa, gobe ana iya tayar da mu. In itace ake so, ga mangwaro ya cika titunan garin nan, shekara kaɗan ya yi 'ya'ya. Giginya kuwa sai jikoki. Ba ki ji an ce inuwar giginya, na nesa ka sha ba?"

Ba ta dube ni ba. Ta ci gaba da daidaita duwatsunta, ta ce, "Ai na nesan nike nufi."

Da ina da hankali, da nan na yi shiru har abada a kan maganar.

Damina ta wuce babu abin da ya fito. Haka giginya take, ƙasa take fara nufa, ta yi saiwa mai kauri wadda ake kira muruci, sai can daga baya ganye ya leƙo. Da ruwa ya ɗauke, Inna ta shiga ɗebo ruwa daga famfon ƙarshen layi kullum da safe. Matata ta yi ta yi ta karɓi tulun, Inna ta ƙi. Ta ce wannan aikin nata ne da marigayi.

Wata Lahadi Inna ta tafi suna gidan wasu 'yan garinmu. Wani abokin aikina ya zo hira, mutumin Haɗeja ne, abokin wasanmu Katsinawa. Ya ga duwatsun ya tambaya, na ba shi labari ina yi ina dariya. Ya ce, "Wata bakwai? Ai muruci ya nuna a ƙasan nan. Amma na san Bakatsine, gara ya mutu da kwaɗayi da ya ba baƙo."

Wannan 'yar tsokana ita ce duk dalilin. Na nemi wani dalili shekara da shekaru ban samu ba. Na ɗauko fartanya. Matata ta fito daga madafa ta ce, "Malam, na Inna ne fa." Na ce mata guda zan cire, saura biyu sun isa. Na cire guda, ya fito fari tas, ya kusa kamu ɗaya. Abokina ya ce na biyun zai fi shi, na ciro shi, sai na ga to me ya rage. Na cire duka ukun. Matata ta dafa, fuskarta a murtuke, ta ƙi ci. Mu muka ci, har ina yabon garɗinsa. Na maida ƙasa, na jera duwatsu yadda suke, na yayyafa ruwa don sawu ya ɓace.

Washegari da safe na ji motsin tulu. Na leƙa ta taga, ga Inna a tsugune tana zuba ruwa a hankali, leɓunanta na motsi. A nan murucin ya tsaya mini a ƙirji.

Na ce zan gaya mata da yamma. Yamma ta yi, na ce sai Juma'a. Daga baya na yi wata dabara: in na je gida hutu, in tsinto wasu ƙodagon a gindin giginyar Baba, in dawo in binne a ɓoye, wa zai sani? Hutu ya zo, aka ce manyan baƙi za su zo, ana bukatar masu buga tafireta, ni kuma ina neman ƙarin girma, sai na ɗaga tafiyar. Gobe ta maƙaryaci ce, kuma ni ne maƙaryacin. Duk tsawon ranin nan, har cikin azumi, tsohuwa na ɗauke da tulu tana ba ƙasa ruwa, ni kuwa ina wuce ta da kekena ina cewa, "Sannu da aiki, Inna." Takan amsa da "Yawwa," ba ta ɗago kai ba.

Da bazara ta kwanta ciwon ƙirji. Ranar da abin ya tsananta na durƙusa a bakin gadonta, na yi niyyar in faɗa. Na ce, "Inna, giginyar nan..." Ta ɗaga hannu ta tare ni, ta ce, "Giginya ba ta gaggawa. Tashi ka tahi aiki." Na ji daɗin wannan izini, Allah Ya yafe mini, na tashi na tafi. Kwana biyu bayan haka ta rasu.

Bayan sadakar bakwai, mutane sun watse, na ɗauki tulun da safe na nufi famfo. Ban san me nake nufi da haka ba. Matata ta tsaya a ƙofar madafa ta ce, "Malam, ajiye. Ta sani."

Na ajiye tulun.

Ta ce, "Tun ranar ta ga ɓawon a juji. Ta tambaye ni wa ya ci, na faɗa mata. Sai ta ce, to, ɗansa ne ya ci, ladan ya kai."

Na ce, "To, ruwan fa? Wata biyar tana ɗebowa."

"Ta ce in ta daina, mutumin nan zai gane ta sani, kuma ba zai ƙara iya cin abinci a gabanta ba. Ta sa na yi rantsuwa ba zan faɗa ba tana da rai."

Shekara ba ta zagayo ba aka canja mini gida. Na shuka giginya daga baya, a filin kaina, ta girma har ta fi rufin ɗaki, masu wucewa a titi suna shan inuwarta. Amma ba daga gonar Baba take ba, ita waccan giginyar tsawa ta kashe ta kafin in je. Har yau in na ji mai talla yana kiran muruci, nakan tsallaka ɗaya gefen hanya.