Tabarmi Biyu a Kan Farantan Sola

Shekarar da aka haƙa mana rijiyar burtsatse, a kan zaurena aka ɗora farantan sola. Unguwarmu tana bakin gari ne, gefen hanyar da ta taso daga Malumfashi ta nufi Funtua. Wutar lantarki ba ta taɓa shigo mana ba, sai dai mu hango turakunta. Ruwa kuwa sai wurin masu kura, ko rijiyoyin gida da suke ƙafewa tun bazara ba ta yi nisa ba.

Waɗanda suka yi mana aikin wasu matasa ne 'yan yankinmu, da suke haɗuwa ranar Asabar suna aikin gayya a unguwannin talakawa. Ba wanda yake biyan su. Su suka nemo kayan wurin masu hali, mu kuma muka kawo yashi da bulo da ƙarfin jikinmu. Babbansu malami ne a wata makarantar koyon sana'a a Funtua, dogo, mai yawan dariya. Kowa Injiniya yake ce masa, ko da yake kullum sai ya ce shi bai kai nan ba.

Zaurena ne kaɗai mai rufin kankare kusa da rijiyar, kuma akwai ɗan gini kewaye da rufin, wanda yake ƙasa ba ya ganin abin da ke sama. Da Mai unguwa ya nemi izinina na ce to, amma kwana uku na yi ina zagaya ginin ina duba ko akwai tsaga.

Ranar da ruwa ya fara zuba ba zan manta da ita ba. Injiniya ya murɗa wani maɓalli, muka yi tsit. Ba ƙarar inji, ba hayaƙi, ba warin fetur. Can sai muka ji shaaa a cikin tanki. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gidaje. Wani tsoho ya tara hannu ya sha, ya wanke fuska, ya ce shi dai bai gane ba, wai ranar da take ƙona mu ita ce kuma take ja mana guga.

Kafin su tafi Injiniya ya kira ni gefe.

"Baba, aikinka ɗaya ne. Kowace safiya ka hau ka goge su da ruwa da tsumma mai laushi. Ban da sabulu, ban da soso."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na ɗauko biro na rubuta a bangon littafin addu'o'ina, domin ko da yake a firamare na tsaya, ban yarda da ajiye amana a ka ba. Watanni ina yin haka, ban taɓa fashi ba, ruwa kuma bai taɓa yankewa ba.

Sai bazara ta shigo da ƙarfinta. Wata rana wajen azahar na hau korar tantabarun maƙwabcina, masu ɓata mini farantan da kashi. Ina dafa gilashin na janye hannu ba shiri. Zafi kamar tandar waina. Na tuna yadda kwalbar fitila take tsagewa in zafi ya yi mata yawa. In waɗannan suka tsage a kan rufina, me zan ce wa mutane?

Ni manomi ne, kuma na riƙe shanun huɗa shekaru da yawa. Ba mai hankalin da yake barin karkiya a wuyan sa da tsakar rana. Da hantsi ya ɗaga sai ka kwance su, ka kai su inuwa. Na ce a raina, waɗannan ma tun safe suke aiki. Ranar da suka sha da hantsi ai ta ishe su, kamar yadda kokon safe yake riƙe mutum zuwa azahar. Sai na ɗauko tabarmin kaba biyu da muke shanya barkono, na rufe rabin farantan, na danne da duwatsu. Da la'asar na hau na kwashe. Washegari na rufe ɗaya rabin, don kada in yi son kai a tsakaninsu.

Ban gaya wa kowa ba. Gani nake ɗan alheri ne nake yi, kuma alherin da aka yi ta tallansa ladansa raguwa yake.

A makon nan ruwa ya fara wasa. Da safe lafiya lau, da rana sai tanki ya ƙare, famfo ya koma ɗiga. Layin bokitai ya kai har bakin masallaci. Mai ɗakina ta ce, "Malam, rijiyar nan fa ta fara halin 'yan uwanta." Na ce bazara ce, ruwa ya yi ƙasa. Wallahi haka na ɗauka.

Sau biyu Injiniya yana zuwa a kan babur kafin ya wuce makaranta. Ya hau, ya gwada wayoyi da na'urarsa, ya ce komai daidai, har ya yaba yadda farantan suke ƙyalli. Da sassafe yake zuwa, lokacin tabarmina suna naɗe a ɗaki. Bai tambaye ni ba, ni ma ban ga abin faɗa ba.

Daga nan magana ta tashi a teburin mai shayi. Wai yaran nan kayan jabu suka kawo mana. Wai banza ba ta kai zomo kasuwa. Maganar ta tsallaka har unguwar da ke bayan fadama, inda matasan suka shirya yin irin aikin nan gaba, mutanen can suka aiko cewa a dakata tukuna. Injiniya ya daina dariya. Ya ce ranar Asabar za su zo da mutane a zaro famfon daga cikin rijiya a duba, in ya lalace shi zai san yadda zai yi.

Ranar Alhamis ina kan rufin, na gama shimfiɗa tabarmi ke nan, sai wata guguwa ta taso ta yaye ɗaya ta jefa tsakar gida. Ina tsaye ina tunanin sauka in ɗauko, sai na ji shaaa a cikin tanki. Na yaye ta biyun, ƙarar ta ƙaru. Na mayar, ta ragu. Sau uku ina yi. A na ukun na zauna a kan kankaren nan mai zafi ban ma ji zafinsa ba.

Na sauko na gaya wa mai ɗakina. Ta dube ni, ta ajiye muciya, ta zauna a kan turmi tana dariya har da hawaye.

"Malam, wato kai ne bazarar!"

"Ki bari, don Allah. An ci mutuncin bawan Allah a dalilina."

"To ai sai ka je ka wanke shi. Ko shi ma tabarmar za ka rufa masa?"

Tun daga ranar na daina rufewa, ruwa ya dawo, kuma Shaiɗan ya yi ta raɗa mini cewa in yi shiru kawai, tunda abin ya gyaru. Amma mutane sun riga sun fara cewa kayan jabu haka suke, yau su yi gobe su ƙi. Shiruna ba zai wanke kowa ba. Ranar Juma'a ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Asabar da hantsi aka taru a ƙofar gidana, matasan da igiyoyinsu, Mai unguwa a kan kujera, mai shayi ya harɗe hannu a ƙirji. Na shiga ɗaki na fito da tabarmin na ajiye a gaban Mai unguwa. Na faɗi komai, tun daga tantabaru har zuwa shanun huɗa.

Injiniya ya dubi tabarmin, ya dube ni.

"Baba, hutu kake ba su?"

"Rabi-rabi," na ce. "Yau waɗannan, gobe waɗancan."

Shi ya fara fashewa, har ya durƙusa ya dafa ƙasa. Sai kowa ya ɗauka. Mai unguwa yana ƙoƙarin riƙe girmansa, rawaninsa yana girgiza. Wani daga baya ya ce, "Malam, ka ba su dusa kuwa?" Ni kaina ban san lokacin da na fara dariya ba, hawaye na bin gemuna.

Da aka lafa Injiniya ya kama hannuna. Ya ce ban yi ƙarya ba, zafi yana ɗan rage musu ƙarfi, amma don rana aka ƙera su, ba za su tsage ba. Inuwa ce babbar abokiyar gabarsu, ko ta reshe ɗaya ce. Ya ce laifin nasa ne, da ya ce ban da sabulu ban da soso, ya manta bai ce ban da tausayi ba.

Mai shayi ya matso yana sosa ƙeya. "Injiniya, bakina ya yi kaifi. A yafe mini."

"Na yafe, amma shayin yau naka ne, mun fi goma."

Na ce wa Mai unguwa a karɓi aikin daga hannuna a ba mai ilimi. Ya ce, "Mai ilimi ba zai hau rufi sau uku a rana ba. Riƙe abinka. Sai dai in wata dabara ta sake zo maka, ka fara biyowa ta wurina."

A ranar ya tashi mutum zuwa unguwar bayan fadama. Ban yarda da saƙon baki ba, kada a rage wani abu a hanya, sai na bi ɗan aiken da kaina na maimaita musu labarin a ƙofar masallacinsu. Su ma sai da suka yi dariyarsu ta ishe su, sannan limaminsu ya ce a gaya wa matasan su zo. Asabar biyu bayan nan muka kwashi shebur da kwanon sarki muka tafi taya su zuba kankare. Da ruwansu ya zo, tsakar rana ce, na tsaya a gindin tankin na kasa kunne har ya cika ya fara tumbatsa.